Sunan da Ban Manta Ba

Duk Sallah, in an ci an ƙoshi, sai ɗayanku ya tayar da labarin nan, wai ranar da Mama ta manta sunan ɗanta a gaban Bature. Bashir shi ne gwanin kwaikwayo, ya ɗaura ɗankwalina a ka, ya yi ta buɗe baki yana rufewa kamar tarwaɗa, ku yi ta ƙyalƙyala dariya har da dukan tebur. Ni ma nakan taya ku, don ba na son in ɓata muku Sallah. Mutum ɗaya ne ba ya dariya a wurin, ku kuwa ba ku taɓa lura ba. Bana da na ga 'yar wajen Nafisa ita ma tana dariya, ko Hausar ba ta ji, sai na ce kai, in na mutu haka labarin nan zai zauna. Shi ya sa na aika aka sayo mini kaye, wato littafin rubutu, da biro. Da farko dai mutumin ba Bature ba ne, baƙi ne wuluk kamar babanku. Na biyu kuma, ban manta ba. Uwa ba ta manta sunan ɗan da ta kwana biyu tana naƙudarsa.

Sai na fara da abin da ba a koya muku a lakwal, wato makarantar boko, ta ƙasar nan ba. A Damagaram suna ba ya tsayawa wuri ɗaya. In Audu ya haifi Garba, Garba Audu ke nan. In Garba ya haifi ɗa ya mayar masa da sunan ubansa, yaron ya zama Audu Garba. Haka aka yi da yayanku. Ranar suna babanku ya raɗa masa sunan mahaifinsa, wanda muke ce wa Malam Babba, duk gidan kuwa aka koma kiran yaro Abba, don ba mai bakin kiran sunan tsohon nan a tsakar gidansa. Ni abin riɓi biyu ya zo mini, ga shi sunan surukina, ga shi sunan ɗan farina, mace mai tarbiyya kuwa ba ta faɗin ko ɗaya daga ciki. Ko Abban ma ban cika faɗa ba, sai dai in ce yaron nan, ko in ce wancan. Ana yaye shi Inna, kakarku ta wajen uba, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. Ita yake ce wa Inna, ni kuwa Anti yake ce mini, har yau da furfura ta fara fito masa a gemu.

Yana da shekara takwas babanku ya ci lotirin bizar zuwa ƙasar nan. Sunan Abba yana cikin takardun, har hoto an ɗauke shi. Da muka je yi wa Malam Babba bayani yana zaune a kan buzunsa, bai ko ɗago kai daga carbi ba.

“Ku tafi da abin da za ku tafi da shi. Takwarana yana nan.”

Babanku ya sunkuyar da kai, ni kuwa ba a ma tambaye ni ba. Ranar tafiya a tasha, Abba yana tsaye riƙe da gefen zanen Inna, sanye da wata 'yar riga ruwan ƙasa wadda ni na ɗinka da hannuna, na ba Inna a ɓoye don ta ba shi kamar ita ta saya. Na yi sallama da kowa, har da mai sayar da rake, amma shi ban dube shi ba. Mata suna ta yabona, wai Hauwa akwai kara. Sai da mota ta fita gari na cusa bakin mayafi a baki na cije, don kada fasinja su ji.

Da aka haifi Nafisa a nan Greensboro, ma'aikaciyar asibiti ta dubi katin babanku, ta ɗauki sunan ƙarshe ta liƙa wa jaririya. Sunan ƙarshen babanku kuwa na wa ne in ba na Malam Babba ba? Haka aka yi wa Bashir, haka aka yi wa Zainab. Na ƙetare teku na zo na tarar da sunan tsohon nan yana jirana a jikin akwatin wasiƙa. A lakwal a tambaye ni, a kantin magani a tambaye ni, wajen likitan haƙori a tambaye ni. Sai in miƙa kati, in kuwa an matsa in jera haruffa ɗaya bayan ɗaya, don na yanke wa kaina fatawa cewa harafi ba suna ba ne. Shekara goma sha biyu ina wannan dabarar, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Sai shekarar da Malam Babba ya kwanta ciwo. Babanku ya tafi jinya, ya yi wata tara, sai da ya binne shi ya dawo. Bai daɗe da dawowa ba Abba ya kira, muna ɗan gidanmu na haya a bayan titin Wendover. A wancan lokacin da kati ake kiran gida, mai dogayen lambobin nan da ake kankarewa da sule. Bayan ya gama da babanku aka miƙo mini.

“Anti, yanzu fa ba mai hana ni zuwa.”

Na ce masa to, Allah ya nuna mana, na miƙa wayar da sauri. Muka je wurin wata lauya, ta duba takardu, ta cire tabarau. Ta ce yaron zai cika ashirin da ɗaya a watan Nuwamba. In ɗayanmu ya zama ɗan ƙasa ya shigar masa da takarda kafin ranar, doka tana lissafa shi yaro, zai zo ba da daɗewa ba. In kuwa ranar ta wuce ko da kwana ɗaya ne, ya faɗa wani layi na manya, wanda sai a yi shekaru ana jira. Ta dubi babanku ta ce shi daɗewar da ya yi a waje ta mayar da lissafin shekarun zamansa a ƙasar nan baya. Sannan ta juyo ta nuna ni da biro, ta ce saura ke. Ni da ko a waya ba na son yin Turanci.

A lokacin ina aikin kula da tsofaffi. Kullum da safe babanku ya sauke ni a unguwar Irving Park kafin ya wuce sito wurin aikinsa, a gidan wata tsohuwa, Misis Fletcher, wadda ta yi koyarwa duk rayuwarta. Ƙafafu sun mutu, amma baki da ƙwaƙwalwa garau. Ita ta ɗauki nauyin koya mini tambayoyin jarrabawar zama ɗan ƙasa, ina taje mata kai tana tambayata rassan gwamnati nawa ne. Amma abin da ta fi so a duniya shi ne wani ƙaton littafi mai jan bango, na asalin sunaye. Ba mai shigowa gidan nan ya fita ba a buɗe masa shi ba, ko mai gyaran famfo ne. A wurinta na ji cewa Smith maƙeri ne, Taylor tela, Baker mai gashin burodi, Cooper kuma mai haɗa gangar katako ta zuba kaya. Hill mutumin da gidansa ke kan tudu, Long wani dogo ne da aka tsokana har abin ya bi jikokinsa. Duk sunan da ya ƙare da son kuwa, irin su Johnson da Williamson, ɗan wane ake nufi. Nata na yanka, Margaret, wai lu'ulu'u ne, Fletcher kuma mai gyara kibau.

Na ce, “Misis, ai wannan duk namu ne. Mu ma muna da Maƙeri, muna da Dogo, muna da ɗan wane. To ke ina kibanki?”

Ta yi dariya har da tari. Ta ce sunan mijinta ne, shi ma bai taɓa riƙe baka ba, magani yake sayarwa har ya mutu.

“Namu sun daskare tun shekaru ɗaruruwa, Hauwa. Naku ne masu rai. To sunan da ke bayan na 'ya'yanki fa, me yake nufi?”

Na ce ina jin kamar ruwan shayi ya tafasa, na tashi na bar mata ɗakin.

A watan Yuni aka ba ni randebu, wato ranar ganawa. Ofishin yana wani gari, tafiyar awa ɗaya da rabi, babanku ya kai ni ya zauna a ɗakin jira. Ma'aikacin da ya kira ni dogo ne, mai sanƙo, mai magana a hankali. Ya sa na ɗaga hannu na rantse zan faɗi gaskiya. Tambayoyin tarihi na cinye su tas. Ya ce in rubuta jimla, na rubuta. Ya karanto sunan babanku da bakinsa, ya ce mijinki ne, na ce e. Har na fara jin iska tana shiga ta, sai ya juya shafi.

“'Ya'yanki nawa?”

“Huɗu.”

“Faɗa mini sunayensu.”

Na ce Nafisa, na ce Bashir, na ce Zainab, na tsaya.

“Na huɗun fa?”

“Abba.”

Ya bi takardar da kan biro daga sama har ƙasa, ya ce shi ba shi da Abba a nan. Na ce ai wannan na gida ne. Ya ce to na takarda yake so. Na fara jera masa haruffa yadda na saba, sai ya ɗaga hannu.

“Ba rubutu na tambaye ki ba, madam. Yaya ake kiran ɗanki?”

Wallahi na buɗe baki. Nan Bashir ya yi gaskiya, na buɗe na rufe ya fi sau uku. Sunan yana nan a kan harshena kamar garwashi, amma abin da nake gani shi ne tsohon nan a kan buzunsa, da Inna, da matan tasha masu cewa Hauwa akwai kara. Gumi ya karyo mini a cikin sanyin na'ura. Na laluba Turancina ina neman yadda zan ce kunya, na ɗauko kalmar da na sani na ba shi. Daga baya Misis Fletcher ta gaya mini kalmar da na ɗauko ba irin kunyarmu take nufi ba, tana nufin abin assha da mutum ya aikata yake ɓoyewa. To ku duba abin da ke gaban mutumin nan. Ga saurayi da ya kusa ashirin da ɗaya, sunansa sunan mijina ne an juya shi baibai, bai yi daidai da na ƙannensa ba. Ga matar da ta ce ita ta haife shi, ta bar shi tun yana shekara takwas, ta kasa faɗin sunansa, kuma ta ce akwai abin assha a ciki. Ko ni ce a kujerarsa zan yi zargi. Ya rufe fayil, ya ce yau ba zai yanke hukunci ba, in kawo shaidar haihuwa, za a aiko mini da wata ranar.

A mota da muka yi nisa babanku ya rufe ni da faɗa. Ba ku san shi da faɗa ba, amma ranar sitiyari ya sha duka.

“Suna ne fa, baiwar Allah! Suna! Ubana ne, ba naki ba, ni kuwa na yafe. Yanzu a kan wannan za ki bar yaro ya yi ta zama?”

“Kai ka yafe. Ranar da ya ce takwaransa yana nan, me ka ce?”

Shekara goma sha biyu ban taɓa faɗa masa wannan ba. Haka muka iso gida. Da yamma ina zuba muku shinkafa, ke Nafisa, kina da shekara goma sha ɗaya, kika dube ni kika tambaye ni da Turanci ko shi Abban nan ɗana ne da gaske, don ba ki taɓa jin na ce ina kewarsa ba. Ba ki tuna ba, na sani. Na daka miki tsawa na ce ki ci abinci, na shiga bayi na kunna famfo.

Labari ba ya kwana, kafin mako ya isa Damagaram. Ranar Lahadi da hantsi babanku ya kira gida, aka ce Inna tana son magana da ni. Na karɓi waya na durƙusa a kan kafet kamar tana ganina. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta sauke murya.

“Na ji an ce sai kin kira sunan Malam da bakinki za su ba ki yaron.”

“Haka suka ce, Inna.”

“Ni shekara hamsin da biyu ina gidansa, har aka fita da shi ban kira ba. Ke ɗiyar mutunci ce, na sani. Ki riƙe kunyarki, in riƙe jikana.”

Na ce to, Inna. Me zan ce? Tsohuwar nan ita ta yi masa wanka, ita ta yi jinyar ƙyandarsa, mijinta ya rasu, yaron nan ne kaɗai ke yi mata motsi a tsakar gida. Amma da na ajiye waya sai na ga abin a fili, kunyar da ake yabona da ita, da ita aka ɗaure ni. An ce suna linzami ne, to ni a bakina aka sa shi. Kuma tunda na ce zan gyara labari, bari in gyara har da nawa. Ba kunya kaɗai ta riƙe mini harshe ba. Ina jin haushin tsohon nan, Allah ya jiƙansa, haushin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kuma ina tsoro, don na san duk ranar da sunan nan ya fita daga bakina, abin da na cije a mayafi zai biyo shi.

Wasiƙa ta zo, an sa mini ƙarshen Satumba. In na sake faɗuwa, babu sauran lokaci. Na kai wa Misis Fletcher ta karanta mini, na kuma ba ta labarin yadda aka yi. Ta shiga jujjuya takardun. Can sai idonta ya sauka a ƙasan takardar da na dawo da ita ranar farko, wadda ma'aikacin ya sa wa hannu, kun san hali, ta ce in miƙo mata jan littafi.

“Dawson. Bari mu ga wanda ya tsare ki. To, ga shi. A da can Daw gajarta David ne, yadda kika ce kuna yi wa Ibrahim. Ɗan David ke nan.”

Matajin da ke hannuna ya faɗi ƙasa. David ai Annabi Dawuda ne. Ɗan Dawuda kuwa, ko yaron da ya fara allo jiya ya san wane ne. Ashe sunan da na kasa faɗa, shi ke rubuce a sunan mutumin da na kasa faɗa wa. Na zauna a bakin gadonta na warware mata komai, tun daga buzu har tasha. Ta ce in gwada a nan, ba kowa sai ita, ita ma kunnenta ɗaya ya tafi. Na gwada, ya ƙi. Na shiga bayinta na rufe ƙofa na kunna ruwa, gaɓar farko ta fito, sauran ya maƙale. Daga nan na ce to, dabara ta rage wa mai shiga rijiya. In har sunansa ɗan Dawuda ne, zan sa shi ya faɗa da bakinsa, ni kuma in ce e, shi ne, kamar yadda aka yi da sunan babanku. Mako uku ina haddace jawabin nan, tsohuwa tana gyara mini Turanci, ko da yake ta gaya mini ita ba ta ga alamar zai yi ba.

Ranar ta zo, Allah ya sa shi ɗin ne dai. Na ajiye masa takardar haihuwa daga meri, wato ofishin magajin garinmu, da fassararta, da wasiƙar limaminmu wadda ta bayyana al'adar ɗan fari da yadda suna ke juyawa. Ya karanta a tsanake, yana komawa baya. Agogon bango yana ta tafiya, ni kuwa na matse jakata har yatsuna suka yi sanyi. Ya ajiye takardun, ya ce sun yi, tambaya ɗaya ta rage, kuma na san ta. Na ce ya ba ni izini in yi magana, ya ce bismilla da hannu. Na ce masa sunansa Dawson, ma'anarsa ɗan David. Na ce a da su ma haka suke yi, ɗa ya ɗauki sunan ubansa, sai nasu ya tsaya, namu yana tafiya, shi ya sa na ɗana bai yi daidai da na ƙannensa ba. Sannan na jefa tarkona.

“Yallaɓai, a littafinku, wane ne ɗan David, sarkin nan mai hikima?”

“Solomon,” in ji shi, har da ɗan murmushi.

“To shi ne! Ka faɗa da kanka. Sunanka da na ɗana ɗaya ne.”

Na koma na jingina, ina jin na haye. Ya juya biro a hannunsa, ya dubi ɗan allon da ke kan teburinsa mai sunan nasa, ya daɗe yana dubansa.

“Ban taɓa sanin haka ba. Mu a gidanmu an ce sunan mai gonar da kakannina suka yi wa bauta ne. Wanda suka zo da shi, ba wanda ya riƙe.”

Littafin tsohuwa bai gaya mini wannan ba. Ya gyara zama, murmushin ya tafi.

“Na gane al'adarku, madam, kuma ba na raina ta. Amma ke kika yi rantsuwa, ba ni ba. Wancan karon na rubuta cewa kin kasa faɗa. Ba zan rubuta cewa kin faɗa ba sai na ji. Yaya sunan ɗanki?”

Dabara ta ƙare. Na dubi ƙofa, na dubi kalandar da ke bayansa, Nuwamba saura shafi biyu. Na ji muryar Inna tana cewa ke ɗiyar mutunci ce. Na rufe ido don kada in ga buzun nan, sai na ga tasha, da 'yar riga ruwan ƙasa, da hannun da ke riƙe da zanen wata. Na faɗa. Amma ba yadda ake amsa tambaya ya fito ba. Da ƙarfi ya fito, da jan ƙarshe, yadda mace ke leƙawa zaure ta kira ɗanta. Abin da na ji tsoro kuwa ya biyo shi, na kife kai a teburin gwamnati ina kuka kamar an aiko mini da mutuwa. Mutumin nan ya ajiye biro. Ya turo mini kwalin hankici na takarda, ya jira har na gama, sannan ya ɗauki biro ya yi rubutu. Da na fito babanku ya dubi idona, ya karɓi jakata ya riƙe, bai tambaye ni ba sai da muka shiga mota.

A watan Oktoba na yi rantsuwar zama 'yar ƙasa, washegari lauya ta shigar da takardar Abba, saura mako uku ya cika shekarun. Babanku don murna ya kira gida ya ba da labari duka, har da yadda na faɗa. Tun daga ranar Inna ba ta ƙara karɓar wayata ba. In an miƙa mata sai in ji ana cewa tana salla, ko da wane lokaci na kira. Ta rasu shekara biyu bayan tahowar Abba, ba shi a kusa. Kada wani ya ce muku mun yi kunnen doki, ni da ita. Na raba tsohuwa da abin da ya rage mata, ina sane, kuma da za a mayar da ni ofishin nan zan sake. Ina yi mata addu'a kullum, ban sani ba ko ta yafe.

Da ya sauka a filin jirgi, na ga dogon saurayi da fuskar Malam Babba sak. Ya durƙusa har ƙasa a gaban Turawa, ya ce Anti mun same ku lafiya. Na ce ya hanya, na tsura wa akwatinsa ido. Bayan kwana huɗu, da la'asar, ina yanka kuɓewa a kicin, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.

“Anti, Baba ya ce wai kin faɗi sunana.”

“Tilasta ni aka yi.”

“To ki faɗa in ji mana.”

Yana dariya ya faɗa, amma idonsa ba ya dariya. Na ci gaba da yanka kuɓewata.

“Kai tafi can, marar kunya.”

Ya tafi, bai ƙara tambaya ba har yau. Shi ne wanda in Bashir ya ɗaura ɗankwali yake tashi ya ce zai duba mota. Ku kuna dariyar na manta, shi kuwa ya san ban manta ba, ya san wani baƙo a ofis ya ji abin da shi bai taɓa ji ba. Na gwada, Allah ya sani, ranar aurensa na gwada, ranar da aka haifa masa ɗa na gwada, bakin nan ya ƙi. Na daɗe ina cewa harafi ba suna ba ne, yau ina roƙon Allah ya sa fatawar nan tawa kuskure ce. Nafisa, kada ki jira sai na mutu. Ki kai wa yayanku kayen nan, ki buɗe masa wannan shafin, ki fito ki ja masa ƙofa. Abin da ya kamata in leƙo ta tagar mota in faɗa ne a tasha, ban faɗa ba.

Sulaimanu, taho mu tafi.